Kafin Ki Taɓa Zauren Hajiya

Cheras, Kuala Lumpur

Mamana,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Allah Ya ɗaga jirginki lafiya, Ya sauke shi lafiya, Ya kai ki Suzhou cikin aminci, Ya haɗa ki da mutanen kirki tun daga ranar farko.

Na ba Ummanki wannan takarda ta sa miki a jakar hannu, na ce kada ki buɗe sai jirgi ya tashi. Da Hausa na rubuta, kuma da gangan na yi. Na san halinki sarai: in na yi miki magana da Hausa, sai ki mayar mini da Turancin 'yan garin nan, "okay lah, Abba," ki wuce abinki. To takarda ba a ce mata okay lah. Ki zauna ki karanta ta a tsanake. Inda kika kasa, ki kira Ummanki, kada ki kai ta wurin na'urar fassara ta dagula mini magana.

Kin san al'adarmu. Ke 'yar fari ce, kuma sunan mahaifiyata, Hajiya, kike ɗauke da shi. Shi ya sa tunda aka haife ki ban taɓa kiran sunanki da bakina ba, ban kuma taɓa yabonki a gaban idonki ba. Ranar da saƙo ya zo cewa jami'ar can ta ɗauke ki karatun digiri na biyu a fannin tsara lambuna, kika fito daga ɗaki da gudu har da tuntuɓe, abin da na ce kawai shi ne, "To madalla. A kawo mini shayi." Na ga yadda jikinki ya yi sanyi. Abin da ba ki gani ba shi ne, ban sha shayin ba. Sauka na yi zuwa mamak, shagon shayin nan na ƙasan bene, na yi ta gaya wa duk wanda ya zauna kusa da ni, har mai murza gurasar roti sai da ya san 'yata za ta China karatu. Ina alfahari da ke, Mamana. Ga shi na rubuta, tunda baki ya ƙi faɗa.

Amma ba yabo kaɗai ya sa ni ɗaukar biro ba. Akwai kaya da za a ɗora miki, kuma gara ki ji daga wurina.

Baffanki Sani, ƙanena, wanda yake zaune da iyalinsa a gidan Hajiya a Kano, yana so ya rushe zaure da shigifa, ya sa babban get na ƙarfe yadda mota za ta shiga har tsakar gida. Kada ki ga laifinsa. Matarsa, Anti Binta, ciwon ƙafa ya matsa mata. Duk ranar asibiti sai an tallabo ta daga ɗaki, a ratsa shigifa, a ratsa farfajiya, a ratsa zaure, sannan a kai bakin mota. Da damina abin tausayi ne. Ni kuwa da na ji kalmar rushewa, sai na ce ban yarda ba, don a zauren nan aka raɗa mini suna, a nan aka ɗaura aurena da Ummanki, a nan muka karɓi gaisuwar Hajiya. Mun yi musu da shi ba kaɗan ba. Ƙarshe dai mun tsaya a kan magana ɗaya: ba za a taɓa ko tubali ɗaya ba sai hutunki na farko. Za ki je Kano, ki duba, ki zana. Abin da kika zana shi za a gina. Ya riga ya yi magana da magina, kuma ba zai jira fiye da haka ba.

To tunda ke za ki yanke, bari in gaya miki inda ni na yi tuntuɓe a wannan fanni namu, ko ki tsallake.

Na zo garin nan da tallafin karatu na gwamnati, da akwati ɗaya, da girman kai wanda ya fi akwatin nauyi. Na karanta zanen gine-gine a gida, ina ji da kaina, a ganina duk layin da bai miƙe ba kuskuren hannu ne. Sai Allah Ya haɗa ni da malamata, wata dattijuwa 'yar asalin China, ta ce aikina shi ne in bi diddigin yadda tsarin tsofaffin lambunan Sinawa ya yi ta sauyawa. Na shiga ɗakin karatu na duƙufa. Na ga a zamanin daular Han, lambun sarki daji ne guda, da namun dawa, da farauta a kan doki, da tafki babba mai tsibirai uku a tsakiya. Na ga da daular ta wargaje, malamai da suka gaji da rikicin fada suka koma gindin duwatsu, suka yi gidajen gona inda rafi da dutse na gaske suke. Na ga a zamanin Tang da Song lambu ya shigo cikin birni, ya koma bayan gidan mutum: kududdufi a tsakiya, 'yar rumfa a gefe, da duwatsu masu ramuka da ake ɗebowa daga tafki a jera su kamar tsauni. Daga nan kuma sai ƙara matsewa.

Ni da wayona sai na ce na gano bakin zaren. Na rubuta babi guda cewa labarin lambun Sinawa labarin lalacewa ne: an fara da daji, an ƙare da tsakar gida. Na miƙa mata ina jiran yabo. Ta karanta a gabana, ta cire tabarau, ta ce, "Ka auna faɗin ƙasa. Yaushe za ka auna tafiyar mutum?" Wallahi na fusata. Na koma gida na ce wa Ummanki matar nan ba ta son baƙar fata ne kawai. Ummanki ta ce, "Ko dai ba ta son babin?" Ki ji mata!

Mamana, in kin ga abu ya sauya daga yadda yake, kada ki yi saurin cewa ya lalace. Ki fara tambayar me ya matsa wa masu shi. Birni ne ya cika, fili ya yi wuya, iyali suka yi yawa, baƙi suna zuwa. Mutanen nan ba su zauna suna kukan dajin da ya tafi ba, dabara suka nemo. Ki riƙe wannan in kin je gaban Baffanki.

Malamata ba ta yi musu da ni ba, tura ni ta yi Suzhou. A nan na tafka kuskure na biyu, kuma har yau in na tuna sai na yi dariya ni kaɗai. Na shiga lambun farko da taswira a hannu, ina tafiya irin ta Bakano da ya makara kasuwa. Ga gada a kan ruwa, maimakon ta miƙe sai ta karkata dama, ta karkata hagu, ta sake karkatawa. Na ce da ƙarfi, da Hausa, "Wannan wane irin ɓata lokaci ne!" Ga baranda mai rufi, ita ma tafiyar maciji take yi. Ga katanga a inda babu dalilin katanga. Kafin ki ce me, na kai ƙarshe, na duba taswira, na ce shi ke nan, na gama da wannan, saura na gaba.

Ruwan sama ne ya cece ni. Ya sauko ba shiri, na fake a barandar nan da na raina, na zauna dole. Ina zaune sai idona ya faɗa cikin wata taga mai ado da aka huda a jikin katanga. Ta cikinta na hango ruwa, da reshen bishiya, da rabin wata rumfa. Na ce a'a, wannan wurin ban je ba. Na buɗe taswira. Ashe kududdufin da na wuce ɗazu ne, na gan shi ta wani gefen ban gane shi ba. Tabɗi! Na naɗe taswirar na cusa a aljihu. Da ruwa ya tsagaita na koma bakin ƙofa na sake shiga, ban fito ba sai da masu gadi suka kore ni.

A ranar na gane abin da littattafai suka yi ta gaya mini ban ji ba. A farkon zamanin Ming, lambunan malamai a buɗe suke, gine-gine kaɗan, itatuwan marmari, har da kayan miya, mutum ya tsaya wuri ɗaya ya ga kusan komai. Daga ƙarshen Ming zuwa zamanin Qing sai aka yi ta ƙara ɗakuna, da barandu, da katangu, ana yanka lambu ɗaya gida-gida, lambu a cikin lambu. Fili bai ƙaru ba, amma tafiya ta ƙaru. Ba za ki taɓa ganin duka a lokaci ɗaya ba, kowace kwana da abin da ta ɓoye miki. Har aron kallo suke yi: su bar gurbi tsakanin bishiyoyi don a hango hasumiyar da take can cikin gari, sai ki rantse ta cikin lambun ce.

Don haka in kin shiga, ki bar taswira a jaka. Ki je da safe, ki je da ruwa, ki je da sanyi lokacin da ganye ya zube. Ki zauna har ki gaji da zama. Haka ma mutanen can. Za ki ga fuskokinsu a rufe da farko, kada ki yanke musu hukunci daga bakin ƙofa kamar yadda na yi wa malamata, wadda daga baya ita ta fara zuwa asibiti da tukunyar miya ranar da aka haife ki.

Yanzu ga wanda ya fi ci mini rai.

Da na koma bakin ƙofar lambun nan na sake shiga a hankali, sai na lura da mashigin. Ɗan lungu ne matsattse, da duhu-duhu. Ki yi gaba kaɗan, katanga ta tare ki, ki karya. Ki ƙara gaba, ta sake tare ki. Sai can haske ya buɗe, ruwa ya bayyana, ki ji ƙirjinki ya saki. Na tsaya cak a cikin lungun. Na san wannan tafiyar, ƙafata ta san ta tun ina rarrafe. Zauren Hajiya ne. Daga titi ki shiga zaure, ƙofarsa ta ciki ba ta kallon ta waje. Ki fita farfajiya, ki shiga shigifa, ki sake karyawa. A bakin shigifa ta ciki kuma akwai wata 'yar katanga, tsayinta bai fi mutum ba, sai kin zagaye ta sannan ki ga tsakar gida, da lemon tsami, da rijiya, da kan dabinon maƙwabta yana leƙowa ta saman katanga.

Wannan 'yar katangar ni na rushe ta. Shekarar da na gama digirin farko ne, ina so a san an yi ɗan boko a gida. Na ce wa Hajiya tana tare iska da haske, ba ta da amfani. Ta ce, "To, kai ka karanta." Na sa aka kawo diga, kafin azahar an gama. Ta tsaya ta duba, ta ce, "Allah Ya yi albarka, iska kam ta shigo." Washegari na tarar ta rataye asabari a wurin.

Iskar ta shigo da gaske, ban yi ƙarya ba. Amma a gindin katangar nan Hajiya take shimfiɗa tabarma ta cire ɗankwali a yi mata kitso. A nan mata suke zama su baje hira, mai shayarwa ta shayar, don duk wanda ya yi sallama daga shigifa, suna da lokacin gyara zama kafin ya zagayo. Asabari kuwa iska na ɗaga shi. Sannu a hankali tabarmar ta koma bayan madafa, wurin hayaƙi, hirar ma ta bi ta. Ban lura ba. Sai da na je har China, a cikin lungun wani mutum da ya mutu tun tuni, sannan na ga abin da na ɗauke mata. Na ce in na je gida zan mayar. Duk zuwa sai in ce sai zuwa na gaba. Asabari ya tsufa a sake wani, har Allah Ya karɓi abarSa.

Kafin ki ce abu ba shi da amfani, ki zauna ki ga wa yake amfani da shi, da wane lokaci. Kuma gyaran da kika yi niyya, ki yi shi tun mai shi yana da rai.

Da na ce na yi hankali daga nan, da na yi ƙarya, don ke ma na so in miƙe ki da ƙarfi. Na ce likitanci ko harhaɗa magunguna, hanya ɗaya ɗoɗar. Kika shiga kwalejin don ki faranta mini, kika fito bayan shekara, kika ce zane za ki yi. Na ɗaure fuska wata da watanni. Ummanki ta je kasuwar Chow Kit sayen kifi da kayan miya, ke ki bi ta da littafin zane, ki tsaya kina zana yadda lungunan kasuwa suke karkacewa tsakanin rumfuna, ita tana fama da kaya. Na ce yarinyar nan yawo kawai take so. Ashe aikina kika ɗauka, kika kuma fi ni ido. In Allah Ya ba ki iko a kan wani, ɗalibi ko ɗa, kada ki ce sai ya bi ta inda kike hangowa.

Ranar da kika shimfiɗa zanen da ya samo miki gurbin nan a kan teburin cin abinci, na yi kamar ina neman tabarau don kada ki ga idona. Ɗan fili ne tsakanin benenmu da na gaba, inda ake jibge tsofaffin babura, kika mayar da shi lambu a takarda. Mashiginsa ya karya sau biyu. A ƙarshen karyawar kika sa 'yar gajeriyar katanga, da benci a bayanta. Ke da kika je Kano kina ƙarama, kika riƙe rigata a zaure kina kuka wai duhu, ke da ba ki taɓa ganin katangar Hajiya ba don an rushe ta tun kafin a haife ki. Na ce, "Wannan fa, daga ina?" Kika ɗaga kafaɗa kika ce, "Ban sani ba lah, Abba. So the aunties can sit, ba mai kallonsu."

Hoton zanen nan na tura wa Baffanki, a lokacin ko gaisawa ba ma yi sosai saboda musun zaure. Ban rubuta komai a ƙasa ba. Bai jima ba ya kira. Ya ce, "Yaya, ai mai gidan ta dawo. A bar wa Hajiya ta yanke." Kin ji yadda kayan ya faɗo kanki.

In kin je, ki durƙusa ki gaida kowa, kuma don Allah ki ajiye lah ɗinki a filin jirgi, kada magina su samu abin dariya. Anti Binta za ki fara zama da ita, ba Baffanki ba, ki bi ta ranar asibiti ki ga wahalar da idonki. Ki wuni a zaure ki ga masu shigowa: tsofaffin unguwa da suke shan inuwa, masu kawo sulhu, baƙon da bai kamata ya wuce nan ba. Ki leƙa bayan gida, akwai lungu ta gefen rijiya, ban sani ba ko mota za ta iya, ke za ki auna. Kuma kada ki kwaso mana China ki kai Kano. Kududdufi a tsakar gida sauro ne, duwatsu masu ramuka kuwa kunama za ta gode miki. Dabarar za ki ɗauko, ba kayan ba.

Sauran kuma kin sani. Salla a kan lokacinta, ko a ina kika samu kanki. Akwai shagunan taliya na Musulmin can kusan kowace unguwa, ki nemi alamar halal, ki yi tapau, a ƙunsa miki ki tafi da shi ɗaki, in karatu ya matse, kada ki zauna da yunwa kina cewa kin ci biskit. Yajin Ummanki yana cikin babban akwati, an naɗe shi da zani. Sanyin can ba irin na cikin jirgin ƙasan MRT ba ne da kike ƙorafi, ki sa rigar da na saya miki ko da kin ce ta tsofaffi ce. Ki riƙa kiran Ummanki, ita ba ta iya ɓoye kewa ba.

Game da zaure, na yi alkawari ba zan sa baki ba, kuma zan cika. In kin duba kin ga babu makawa sai an rushe shi don Binta ta huta, a rushe. Gidan na masu rai ne, kuma lambunan da za ki karanta ma haka aka yi ta sauya su hannu bayan hannu. Zai yi mini ciwo, amma ba za ki ji daga bakina ba. Roƙo ɗaya nake yi, ba umarni ba. Ko ta ina kika buɗe wa mota hanya, ki mayar da 'yar katangar nan. Ki zana ta inda kika ga ya dace, ki gaya mini ranar. Zan hau jirgi in zo, in cire babbar riga, in kwaɓa ƙasa da hannuna, ni zan ɗora tubalin farko. Na rushe ta a gaban Hajiya ba ta hana ni ba. Ina so in mayar da ita a gabanki.

A filin jirgi kin ga Ummanki ta rungume ki tana kuka, ƙannenki suna ta ɗaukar hoto, ni kuwa na tsaya gefe ina latsa waya, na ce miki, "To, a yi karatu." Na san haka zan yi, shi ya sa na rubuta tun kafin mu fita. Babu abin da nake dubawa a wayar nan, Mamana. Ko kunna ta ban yi ba.

Allah Ya tsare gabanki da bayanki. Ya kare ki daga sharrin mutum da na aljan, daga ciwo da kaɗaici. Ya buɗe miki ilimi mai amfani, Ya sa hannunki ya zama sanadin hutun mutane. Ya jiƙan mai sunanki, Ya haskaka kabarinta, Ya ba Binta lafiya. Ya dawo mana da ke lafiya, mu haɗu a Kano. Na yafe miki duniya da lahira, ke ma ki yafe mini watannin da na ɗaure fuska.

Wassalamu alaikum.

Naki,
Abbanki